Bayan ritaya a Legas, yaya ake sabawa da zaman gida?

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum. Na ajiye aikin gwamnatin tarayya bayan cika shekara 35 da ƙa'ida ta tanada, amma har yanzu nakan farka tun kafin asuba da niyyar riga cunkoson gadar Third Mainland, sai in tuna babu ofishin da ke jirana. Dattawan da suka riga ni, da me kuke cika yininku?

Amsa daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni karatu na koma wa. Ina zama gaban malami tsakanin Magariba da Lisha, da hantsi kuma ina duba wa jikokina darasinsu, domin abin da ya fi damun mai ritaya shi ne rashin lokacin da wani ke sa ran ganinsa.

Amsa daga Mile 12:
Yaya, ka fara da lissafi. Tun dokar fansho ta 2004, wadda ta kafa PenCom, hukumar kula da harkokin fansho ta ƙasa, kana da zaɓi: ko kamfanin fanshonka ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, ko ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rayuwa. Ina roƙonka kada ka zuba kuɗin sallama a fataucin gwari don kawai ka ga ana samu, domin kwandon tumatir da ya kwana biyu a hanya daga Arewa yakan iso rabinsa ya ruɓe.

Amsa daga Obalende:
Baba, a riƙa tattaki bayan sallar Asuba, kuma a riƙa auna hawan jini a kai a kai.