Kiwon Ƙuda a Jami'a: Bincike Ne ko Aikin Banza?

Baffan ɗalibi, ƙasar Ringim: Assalamu alaikum. Jama'a, ina da ƙorafi, kuma ina so masu ilimi su warware mini shi. Riɗin da na noma bara na sayar na biya wa ɗan ƙanena kuɗin makaranta, domin yana shekarar ƙarshe a jami'a a fannin ilimin halittu, sai ga shi ya zo hutu yana shaida mini cewa aikin kammala karatunsa kiwon ƙuda ne a cikin kwalabe. Wai ana dama musu garin masara da yis, a toshe bakin kwalba da auduga, shi kuma ya zauna da ɗan buroshi yana ware maza daga mata. Ga wuta-wuta ta cinye mana dawa, ga tsutsa a wake, amma malamansa ba su ga abin da za su sa shi ba sai wannan aikin banza.

Malamin kimiyya: Baffa, Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar banza ta yi nauyi. Wannan ɗan mitsitsin ƙuda da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro shi ne Thomas Hunt Morgan ya yi aiki da shi a Jami'ar Columbia ta Amurka. A 1910 ya ga namiji mai farin ido a cikin masu jan ido, ya yi ta bin zuriyarsa har ya gano inda ƙwayoyin gado suke zaune a cikin ƙwayar halitta, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1933. An zaɓi ƙudan ne saboda daga ƙwai zuwa balaga kamar kwana goma ne, kuma mace guda tana zuba ɗaruruwan ƙwai, don haka abin da makiyayi zai shekara ashirin yana lura da shi a garkensa, ɗalibi zai gan shi a zangon karatu ɗaya.

Sarkin Noma: Malam, ai Baffa bai zagi ilimi ba. A wurin manomi, duk abin da ba ya ƙara dami a rumbu banza ne, ko da an ba shi kyauta a Turai.

Malamin kimiyya: Ranka ya daɗe, to bari mu zo kan rumbun. Akwai wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wadda take tsiro ta yi iri cikin kamar mako shida, ita ce tsiro na farko da aka karance ƙwayoyin gadonsa a shekarar 2000. Irin wuta-wuta yakan kwanta a ƙasa shekara da shekaru, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. A 2008 aka gano cewa sinadarin nan shi ne yake ƙayyade yawan rassan da tsiro zai yi, kuma wannan ciyawa da shinkafa suna cikin tsirran da aka yi gwajin a kansu.

Sarkin Noma: To tun daga 2008 ɗin, wuta-wutar ta bar gonar wa?

Hajiya, ma'aikaciyar asibiti: Ni ba zan ce banza ba, domin allurar insulin da masu ciwon suga suke rayuwa da ita, a kan karnuka aka gwada ta a Toronto a 1921. Sai dai Malam, kada a ɗauka ɓera mutum ne. Maganin thalidomide da aka riƙa ba mata masu juna biyu saboda laulayi ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasassun gaɓoɓi kafin a janye shi a 1961, kuma ɓera ba ya nuna wannan illa kamar yadda take fitowa a jikin ɗan Adam.

Matashin manomi: Ni abin da ya dame ni shi ne yadda Malam yake yi wa dattijo gyaran magana a gaban jama'a. Halin 'yan boko ke nan. Su ne kuma suka kawo mana waken da aka sauya wa halitta suna cewa mu shuka.

Malamin kimiyya: Ƙanena, ban raina Baffa ba, a gabansa na girma. Waken da kake nufi SAMPEA 20-T ne, na cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda aka amince da shi a 2019 saboda tsutsar da Baffa ya ambata da bakinsa.

Matashin manomi: Ban ce ka raina shi ba, cewa na yi ka yi masa gyara, kuma har yanzu kana kan yi.

Baffan ɗalibi: Ni dai ba wanda ya faɗa mini ko yaron nan zai sami aikin yi da ƙudan nan.

Shugaban ƙungiyar manoma: Alhamdu lillahi, an tattauna. Abin da na fahimta shi ne Malam da kansa ya yarda cewa binciken bai raba kowa da wuta-wuta ba, Hajiya kuma ta tabbatar mana cewa gwajin dabbobi ba abin dogaro ba ne, saboda haka maganar Sarkin Noma ce ta tsaya. Baffa, ka sa yaron ya nemi a mayar da aikinsa kan wake. Batun rabon taki kuma sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.