'Yan Amurka ku faɗa mana: harbin nan kowa yake samu ko akwai waɗanda ya fi ci?

Mai tambaya, Kano: Salam jama'a. Ƙanena ya samu karatu a Chicago, tsohuwarmu ta kafe ba inda za shi saboda labarin harbi da take ji a rediyo. Ku da kuke can, wai ko'ina ne haka?

Nas, Chicago: Wa'alaikumus salam. Yaya, fara tambayarsa unguwar da zai zauna. Ni a sashen gaggawa na asibiti nake aiki, waɗanda ake kawowa da harbi galibi samari ne baƙaƙe sai 'yan Latino ('yan asalin Latin Amurka), kuma adireshin kullum iri ɗaya, Englewood, Austin, Garfield Park, alhali mutumin Lincoln Park sai ya shekara bai ji ƙarar bindiga ba, gari ɗaya fa. Wani abin takaicin ma tun farkon shekarun 1990 South Side, wato kudancin Chicago, ba ta da cibiyar kula da munanan raunuka ta manya sai 2018 da Jami'ar Chicago ta buɗe, kafin nan yaro na zubar da jini a yi ta gudu da shi zuwa wani sashen garin.

Direban tasi, Philadelphia: Gaskiyarki 'yar uwa. Mu nan 'yan sanda ba sa jiran ambulan, a bayan motarsu suke cusa mutum sai asibiti, na gani da idona a North Philly, arewacin garin nan. 2021 mutum 562 aka kashe a garin nan. Kuma kowa gawa yake ƙirgawa, ba a maganar waɗanda suka rayu, ina da fasinja ɗan shekara ashirin da wani abu da nake kaiwa gashin ƙashi a keken guragu, harsashi ya taɓa masa laka, uwarsa ta ajiye aiki tana jinya, inshorar ma rigima ce kullum.

Ɗalibi, Montana: Ku bari in kawo wani ɓangaren. Nan kusan duk Turawa ne, ba ka jin harbin titi, amma bindiga na cin mutane sosai, da hannunsu. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu haka ya yi bayan rasuwar matarsa, bindigar farautarsa na nan cikin gida. Cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi kashe kai ne, kuma Turawa maza suka fi yawa. Su ba a saka su a labarai shi ya sa tsohuwar mai tambaya ba ta ji ba.

Hajiya, Bronx (New York): Ɗana kar ku ce talauci ne kawai, fata ma na ciki. Ina nan aka harbi Amadou Diallo ɗan Gini a 1999, harsashi 41 'yan sanda suka sakar masa a ƙofar gidansu, ba ko wuƙa a jikinsa. Ba wanda zai tsaya tambayarka daga Kumasi kake ko Maraɗi. Yaranmu kuma su ke tsaron shago da kai abinci cikin dare, wanda babansa ke da hali bai yin wannan aikin.

Direban tasi, Philadelphia: Haka ne Hajiya, ni kaina in ƙarfe sha biyu ta yi akwai layukan da ko nawa za a biya ba na shiga.