Shawarwari Kan Nazarin Mulkin Shekara 1,000

A wata tattaunawa da aka yi kan mulkin Almasihu na shekara 1,000 da kwanakin ƙarshe, shawarar farko ita ce mai bi ya zauna ya karanta Ru'ya ta Yohanna sura 20 da kansa kafin ya saurari masu fassara, domin a nan ne aka ambaci wannan adadi har sau 6, daga aya 2 zuwa 7.

An kuma ja hankali cewa saɓanin da ke tsakanin Kiristoci kan ma'anar wannan mulki ba na yau ba ne. Iraniyus, wani malamin ikkilisiya a ƙarni na 2, ya gaskata cewa Almasihu zai dawo tukuna, sannan ya yi mulki a duniya. Agustin kuwa, wani malamin ikkilisiya wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ɗauki shekarun a matsayin misalin zamanin ikkilisiya. Akwai kuma masu cewa bishara za ta gyara duniya kafin dawowarsa. Tun da dukansu sun yarda da tashin matattu da shari'ar ƙarshe, bai kamata wannan ya raba zumunci ba.

Abin da aka fi nanatawa, wanda a ganina ya fi komai nauyi, shi ne a guji tsayar da rana. An tuna da mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka, waɗanda suka yi ta dakon zuwan Almasihu ranar 22 ga Oktoba, 1844, har wasunsu suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye musu cikin hawaye. Alhali kuwa Matiyu 24:36 ya faɗa a fili cewa ko mala'ikun sama ba su san ranar ba.