Makomar laburare a zamanin intanet: abin da masu aikin suka ba da shawara

A tattaunawar masana aikin laburare kan makomarsa, abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne littafin lantarki. Masana suka ce laburare ba ya mallakarsa, haya ce kawai. Tun 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai a sake biya. Don haka kada a kwashe littattafan takarda daga kanta da sunan an koma zamani. Ranar da kuɗin lasisi ya yanke, kantar intanet ta zama wayam.

Kan ɗaukar hoton tsofaffin takardu, shawararsu ita ce a fara da abin da babu kwafinsa a wani wuri. A ɗauka da ƙarfin dpi 300 aƙalla (wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton), a adana asalin a tsarin TIFF (nau'in fayil ɗin hoto mai riƙe inganci), a fitar wa masu karatu PDF. Kada a danne littafi mai tsohon ɗinki a kan gilashin na'ura, bayansa zai tsage. Kwafi uku ake ajiyewa, a ma'adana iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Nan ne ake yawan sakaci, sai faifai ya mutu a fara salati.

Kwamfutocin jama'a kuwa, a saita su su goge komai da zarar mutum ya tashi, domin mutane kan bar imel ɗinsu a buɗe.

Ga mai ƙaramin kasafi, manhajar Koha kyauta ce wajen rajistar littattafai da aro, amma tana buƙatar ma'aikacin da zai riƙa sabunta ta.