Wane ma'auni zan bi wajen auna tasirin maƙalolinmu na FTIR?

Assalamu alaikum malamai. Kwana huɗu ke nan ina fama da abu ɗaya, kaina ya ƙulle.

A wani ɗakin gwaje-gwaje nake aiki a nan Kano, muna haska jini da na'urar FTIR (mai gano sinadaran da ke cikin abu ta hanyar hasken infrared) don gano alamun cuta. Shugaban sashenmu ya ce in haɗa rahoton yawan ambaton da maƙalolinmu tara suka samu a rubuce-rubucen masu bincike, za a saka a takardar neman tallafi, kuma ranar Alhamis yake so.

Na fara da h-index (ma'aunin da ke haɗa yawan maƙaloli da yawan ambatonsu), bai yi ba, tsofaffin maƙaloli yake fifitawa, namu kuwa daga 2021 suka fara. Google Scholar ya ba da adadi mai tsoka, amma da na bi ɗaya bayan ɗaya sai ga kundayen digirin ɗalibanmu a ciki. Na koma FWCI (ma'aunin ambato da ke la'akari da fannin maƙala) na rumbun maƙaloli na Scopus, inda 1.00 ke nufin daidai da matsakaicin duniya. To nan gizo ke saƙar. Ana kwatanta maƙala ne da sa'o'inta a fannin mujallar da ta fito, biyar daga namu kuwa a mujallun kimiyyar sinadarai suke, alhali don likitoci muka rubuta su. Na gwada RCR (wani ma'aunin ambato) a shafin iCite, huɗu kacal suka fito, sauran ba sa cikin PubMed, rumbun maƙalolin likitanci da iCite ya dogara da shi.

Ga aikin da ya raba ƙafa tsakanin sinadarai da likitanci, wane ma'auni ɗaya ne zai ɗauki duka taran ba tare da an auna su da fannin da ba nasu ba? Na gode.