Jaririna yana kan oksijin, ku ba ni shawara

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. An kwantar da ɗana ɗan wata huɗu, an sa masa oksijin. Likita ya ce ƙananan hanyoyin iskar huhunsa ne suka kumbura, bairos ne da ake kira RSV. Abin da ya ɗaure min kai, ba su ba shi antibayotik ba, ga shi yau ya fi jiya jin jiki. Ko nono ya kama sai ya saki yana haki. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, don Allah me ya taimake ku?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Kada rashin antibayotik ya tayar miki da hankali. Bakteriya yake kashewa, bairos kuwa ko a jikinsa, sai in likita ya ga nimoniya ta bakteriya ta shigo sannan zai rubuta. Shi wannan ciwon yakan fi tsanani tsakanin kwana na 3 zuwa na 5, daga nan ya fara sauka. Aikin asibiti su tallafe shi da oksijin da abin da zai shiga cikinsa har jikinsa ya ci ƙarfin cutar.

Baban 'Yan Biyu: Allah ya sawwaƙe, Maman Auta. Ni na'urar nan ta auna oksijin ce ta kusa haukata ni. Yarinya ta ɗan harba ƙafa, abin da aka naɗa mata a yatsa ya goce, lamba ta faɗi, ƙara ta tashi, gabana ya yanke. Ki tambayi nas lambar da suke so ya tsaya a kai, da wadda in ya sauka ƙasa da ita za ki kira su. Kuma in ta yi ƙara ki fara duban yaron kafin allo.

Maman Hanan: Batun nono, ki riƙa tatsa duk bayan awa uku ko da bai sha ba, don kada ya ɗauke. In sun ce za su zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki, ki yarda. Ni na sha kuka da aka sa wa tawa, amma a daren ta samu barci, don ta huta da kokawar tsotso da numfashi lokaci guda.

Hajiya Kaka: Sannu 'yata. In kun koma gida ki yi masa sirace da ruwan zafi, ki shafa masa man zafi a ƙirji, da ɗan zuma a baki.

Anti Nas: Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jiki. Ruwan zafi kuma yara da yawa sun ƙone ta haka. Man zafi yana iya ƙara masa majina. Maganin tari na kwalba ma ba na jarirai ba ne. Abin da ya fi: a ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis kafin shayarwa, a ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai, a raba shi da hayaƙi kowane iri, a kwantar da shi rigingine.

Hajiya Kaka: To madalla, na ƙaru. Amma ga wadda ba za ki musa min ba: 'yar nan ta samu mai karɓarta ta runtsa. Mai jinya in ta faɗi, majinyata sun zama biyu. Duk wanda ya ce me zai taimaka da shi, ki ba shi aiki, kada ki ce ba komai.

Maman Auta: Wallahi Hajiya kamar kin gan ni. Anti, abin da nake tsoro shi ne bayan sallama. Ta yaya zan gane ya kamata mu dawo?

Anti Nas: Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogo. A shekarunsa, wato wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi sauri. Ƙasa da wata 2 kuwa 60 ne. Sai ki duba ƙasan haƙarƙarinsa, in yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko hancinsa yana buɗewa, ko yana nishi, ku koma. Haka in ya sha ƙasa da rabin abin da ya saba, ko ya yi awa 12 bai jiƙa famfas ba. In leɓensa ya canja launi, ko numfashi yana ɗaukewa, ko ya ƙi farkawa, ko tsakar dare ne ku fita. Tari kaɗai zai iya kai sati uku.

Baban 'Yan Biyu: Ki ɗauki bidiyon ƙirjinsa ranar sallama, ki samu abin kwatantawa. In akwai yayyensa masu mura, su wanke hannu kafin su taɓa shi, sumbatar fuska kuma a dakata tukuna.