Tambaya ga magina: ƙasan bango na fitar da gishiri kafin manna takarda

Salamu alaikum, magina da masu fenti na Damagaram. Ina neman shawararku kan wani ɗaki a Birni da ake son manna wa takardar ado. Bangon bulon siminti ne, kuma daga daɓe zuwa santimita 40 filastar tana ɓarewa, farin gari kamar kanwa na fitowa.

An kankare wurin har bulo, an goge da buroshin ƙarfe, an jiƙa, an sake filasta da siminti ɗaya, rairayi tankaɗaɗɗe huɗu, kaurin santimita ɗaya da rabi. An yi ta yayyafa ruwa mako guda, aka bar shi ya bushe. Akwai kuma wata tsaga a saman bangon, amma ita kam ta mutu tun da aka buɗe ta aka sa raga.

Ƙasan ne ya ƙi. Da aka manne leda a wurin ta kwana biyu, sai ga raɓa a bayanta, ke nan danshin daga cikin bangon yake, alhali ana tsakiyar hunturu. Babu bututun ruwa a wannan gefen, amma ƙasar waje ta ɗara daɓen ɗakin tsawo. A ganina shafa garin sumulce bango kafin manna takarda a nan asarar kuɗi ce: gam ba zai kama ba, takardar kuma za ta yi fumfuna.

To, garin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓin siminti ya isa, ko kuwa danshin zai haura sama ne kawai? Ko sai an tone ta waje an shafa wa tushen ginin kwalta? In haka ne, zurfin nawa?